Eka 40 da alfadari: me ya sa labaran yara kan 'yantattun bayin Amurka suka cika maganar gona?

Wata malamar Turanci da ke koyarwa a aji shida na firamare ce ta aiko da tambayar. Ta ce an kawo wa makarantarsu gudummawar littattafan labarai daga Amurka, kuma da yawa daga ciki na iyalan baƙar fata ne bayan an hana bauta. "Abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta, "kusan kowane labari a kan gona yake: a same ta, a biya bashinta, kar a ƙwace ta. Yara suna tambayata ko da gaske an yi wa mutanen nan alkawarin eka 40 da alfadari. Gaskiya ce ko ƙirƙirar marubuta? Kuma ya dace ɗan shekara 11 ya karanta irin wannan?"

Malama, alkawarin eka 40 ɗin gaskiya ne, yana nan a rubuce da kwanan wata da sa hannu. Alfadarin ne babu shi a takardar. Sunayen iyalan da ke cikin littattafan ƙirƙira ce, amma bashin kanti da harajin gona da tsoron a zo da dare a ƙona rumbu, duk daga tarihi aka ɗauko su. Idan kika riƙe yadda abin ya faru, za ki iya tantance littafin da ya yi wa yaro gaskiya da wanda ya shafa masa zuma a baki.

A ƙidayar 1860 bayi a Amurka sun kusa miliyan 4. Yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙe da bayi ya fara a 1861, kuma a Disamban 1864 Janar William Sherman na rundunar Arewa ya iso birnin Savannah a jihar Jojiya, dubban bayin da suka gudo daga gandaye suna biye da sojojinsa. Ranar 12 ga Janairun 1865, shi da sakataren yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin cocin baƙar fata su 20. Mai magana da yawunsu wani dattijo ne ɗan shekara 67 mai suna Garrison Frazier, wanda ya fanshi kansa da matarsa a kan dala 1,000 tun kafin yaƙin. Aka tambaye shi yadda mutanensa za su riƙe kansu. Ya ce hanyar ita ce su sami ƙasa, su nome ta da hannunsu. Ki lura da wannan sosai, domin yara da yawa suna ɗauka wani Bature mai tausayi ne ya yi tunanin ba su gona. Su da bakinsu suka nema.

Bayan kwana 4, ranar 16 ga Janairu, Sherman ya fitar da Umarni na Musamman mai Lamba 15. Ya ware tsibiran bakin teku daga Charleston zuwa kudu, da fadamun shinkafar da masu su suka gudu suka bari har mil 30 daga gaɓar teku, da bakin kogin St. Johns a Fulorida. Kowane iyali zai sami abin da bai wuce eka 40 ba, wato hekta 16 ke nan. Daga baya sojoji suka ba wasu aron alfadarai da suka gama aikin yaƙi, nan alfadarin ya shigo bakin mutane. Kafin tsakiyar shekarar, kimanin mutum 40,000 sun zauna a kan eka kusan 400,000, sun yi shuka.

Shukar nan ce da yawansu ba su maimaita ba. An harbi Shugaba Lincoln ranar 14 ga Afrilu, Andrew Johnson ya hau mulki, ya shiga yi wa tsoffin 'yan tawayen Kudu afuwa yana mayar musu da dukiyarsu. A watan Oktoba aka tura Janar Oliver Howard, shugaban Hukumar Kula da 'Yantattun Bayi, zuwa tsibirin Edisto a Karolina ta Kudu domin ya gaya wa mutanen da ke noma a can cewa ƙasar ta koma hannun iyayengijinsu na dā, sai dai su sa hannu a kwantiragin yi musu aiki. A cikin coci ya tara su ya faɗa musu. Suka kafa kwamitin mutum 3, suka rubuta masa wasiƙa, suka rubuta wa shugaban ƙasa, suna cewa gwamnati ce ta yi musu alkawarin muhalli, kuma a shirye suke su biya kuɗin ƙasar. Wasiƙun suna nan har yau a ma'adanar tarihi. Ba su canja komai ba. Ƙalilan ne suka tsira da filayensu.

Akwai wani abu da nakan so malamai su sani a nan. A Afrilun 1862, da aka 'yanta bayin da ke babban birnin ƙasar, Washington, gwamnati ta biya diyya har dala 300 a kan kowane bawa. Masu bayin aka biya.

Sauran ƙofofin ma haka suka yi ta rufewa. A ƙarshen 1865 jihar Misisipi ta yi dokar da ta hana baƙar fata hayar gona a wajen gari. A 1866 majalisar tarayya ta buɗe eka miliyan 46 na filayen gwamnati a jihohi 5 na Kudu, amma mafi yawa fadama ce mai ruwa ko surƙuƙin daji, kuma wanda ya fito daga bauta ba shi da garma, ba iri, ba abincin da zai ci har kaka. 'Yan dubbai ne kawai suka amfana kafin a soke dokar a 1876. Bankin ajiya da aka kafa domin 'yantattu a 1865 ya durƙushe a 1874 saboda ɓarnar da shugabanninsa Turawa suka yi da kuɗin, masu ajiya sama da 60,000 suka tafka asara. Da yawa cikinsu kuɗin sayen gona suke tarawa.

To, me ya rage? Noma-mu-raba. A nan nake so ki tsaya da yaran, domin nan ne zuciyar duk waɗannan littattafan.

Mai ƙasa yana da fili amma ba shi da kuɗin biyan lebura. 'Yantacce yana da ƙarfi amma ba fili. Sai a yanka wa iyali wani yanki na tsohon gandun, a ba su ɗakin katako da alfadari da garma, su noma auduga, in kaka ta yi a raba biyu. A baki kamar adalci. Amma daga shuka zuwa tsinkar auduga iyali za su ci abinci, su sa tufafi, su sayi magani. Duk wannan a kantin mai gonar ko na wani ɗan kasuwa da ya haɗa kai da shi ake karɓa bashi, garin masara da naman gishiri da ruwan rake mai kauri, kuma jinginar ita ce audugar da ba ta ko fito ba. Farashin bashi ya fi na kuɗi hannu nesa ba kusa ba, ga kuɗin ruwa a kai. Ranar lissafi, mai gonar ne ya auna audugar, shi ya sayar, shi ke riƙe da littafin bashi. Ya buɗe ya karanta: rabonka kaza, bashinka kaza, saura kaza ana bin ka. Wanda ake bi bashi ba shi da ikon tashi ya koma wata gonar, in ya gudu da dare 'yan sanda su dawo da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ki haɗa wannan da karatu. Jihohin Kudu da dama sun haramta koya wa bawa rubutu, shi ya sa a 1870 kusan mutum 8 cikin 10 na baƙar fata ba su iya karatu ba. Uban da ke tsaye gaban teburin mai gona ya san an cuce shi, amma ba zai iya nuna layin da aka cuce shi ba. Ɗansa ko 'yarsa da ke zuwa makarantar cocin ƙauye na wata 4 ko 5 a shekara, ita ce ta farko a gidan da za ta iya bin lambobin da yatsa. Wannan ne ya sa labarin ƙasa ya dace da bakin yaro. Marubucin ba ya buƙatar ya ƙirƙiro wa yarinya wata jarumtar ƙarya. Ya isa ta tara lambobi ta ga ba su yi daidai ba, sannan ta ga mahaifinta ya yi shiru ya cire hula ya yi godiya, don ya san abin da ke biyo bayan gardama da Bature a kan lissafi. Yaro mai karatu zai daɗe yana tunanin wannan shirun.

Duk da haka sun saya. Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Zuwa 1910 manoma baƙar fata sun mallaki kimanin eka miliyan 16, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manomansu a Kudu a gonar kansu suke. Babu wanda ya ba su kyauta. Wani albashin soja ya tara, wani aikin shimfiɗa layin dogo, wani saran itace a sansanin katako, mata da wanki da guga da sayar da ƙwai. Wasu suka haɗa kuɗi ta coci ko ƙungiyar taimakon juna suka sayi tsohon gandu suka raba. A 1887 Isaiah Montgomery, wanda bawa ne a gandun yayan shugaban 'yan tawayen Kudu, Jefferson Davis, ya jagoranci kafa garin Mound Bayou a dajin Misisipi, garin da baƙar fata suka sare da hannunsu suka mallaka. Sau da yawa filin da aka yarda a sayar musu shi ne mafi muni: tudu mai tsakuwa, ko daji da sai an yi shekaru ana tumɓuke kututture kafin garma ta shiga.

Ina kyautata zaton a cikin kwalin da aka kawo muku akwai littattafan Mildred Taylor, domin ita ta fi shahara a wannan fage. An haife ta a Misisipi a 1943, ta tashi a Arewacin ƙasar, kuma daga labaran da mahaifinta da danginta suke bayarwa ta gina iyalin da take rubutu a kansu. Littafinta Roll of Thunder, Hear My Cry ya fito a 1976, ya ci lambar Newbery a 1977, wadda ita ce babbar lambar adabin yara a Amurka. Labarin a 1933 yake, iyalin suna da eka 400, rabi an gama biya, rabi yana jingine, uban kuma ya tafi aikin layin dogo a Luwiziyana don ya samo kuɗin haraji da na banki. Ki gaya wa yaran dalilin tafiyarsa: farashin auduga ya faɗo daga kusan santi 17 a kan kowace laba a 1929 zuwa ƙasa da santi 6 a 1931. A 2001 ta fitar da The Land, wanda ya koma baya zuwa ga kakan da ya fara sayen ƙasar, ɗan mai gandu Bature da baiwarsa. Wannan na biyun ya fi nauyi, zan dawo kansa.

Mallakar gona ba ta kawo kwanciyar hankali ba, sai ma ta jawo ido. Baƙin mutumin da ke da filinsa yana iya zaɓar kantin da zai yi ciniki, yana iya cewa farashin nan bai yi masa ba, kuma maƙwabtansa masu noma-mu-raba suna kallo. A farkon ƙarni na 20 akwai gungun Turawa matalauta a kudancin Misisipi da ke bin dare suna korar manoma baƙar fata daga gonakinsu. A watan Oktoban 1916, a garin Abbeville na Karolina ta Kudu, wani manomi mai suna Anthony Crawford, mai eka 427, ya yi sa'insa da mai kanti a kan farashin angurya. A ranar aka kulle shi a gidan yari, aka kuma fito da shi aka kashe shi, daga baya aka tilasta wa iyalinsa barin garin. Idan kika ga uwa a cikin labari tana toshe bakin ɗanta don kar ya amsa wa ɗan Bature, ki san irin wannan ranar take hange.

Wasu littattafan kuma yamma suke kai iyalin, da keken doki, zuwa Kansas ko Oklahoma. Shi ma da tushe. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma filin gwamnati shekara 5 damar mallakar eka 160. A 1877 wasu iyalai daga Kentaki suka kafa garin Nicodemus a Kansas. Da suka iso babu itacen gini, sai suka haƙa ɗakuna a cikin ƙasa suka rufe da ɓawon ciyawa, hayaƙi na fitowa daga ƙasa kamar ba mutane a wurin. A 1879 dubbai suka biyo baya daga Misisipi da Luwiziyana. A nan ina da sharaɗi guda: filin da gwamnati take rabawa ba fanko ba ne, daga hannun ƙabilun asalin ƙasar aka ƙwace shi. Littafin da ya nuna fili fetal ba mai shi ya ɓoye wa yaro rabin labari.

Ga yadda nake auna irin waɗannan littattafai in sun zo hannuna. Abu na farko da nake dubawa, ta wace hanya gonar ta shigo hannun iyalin? Idan a babi na ƙarshe wani tsohon mai gandu ya yi nadama ya miƙa takardar mallaka kyauta, ni ba na ba yara shi, ko in ba su in ce su nemo abin da bai yi kama da gaskiya ba. An samu Turawan da suka yi ciniki na gaskiya, har da waɗanda suka sa kansu cikin haɗari, kuma littafi mai kyau yana nuna su. Amma ciniki ne, an biya, galibi da tsada. Sai kuma kuɗi: marubucin da ya san aikinsa zai gaya maka nawa ake sayar da eka, yaushe biyan banki yake cika, me aka sayar aka biya, saniya ce ko zoben aure. Wanda ya ce kawai "suka yi aiki tuƙuru har suka samu" bai yi bincike ba, kuma yana koya wa yaro cewa waɗanda ba su samu ba ragwaye ne, alhali su ne kashi uku cikin huɗu.

Haka kuma ba na son littafin da babu komai cikinsa sai bulala da kuka. Mutanen nan sun yi bukukuwa, sun yi kamun kifi, sun yi faɗan 'yan'uwa a kan wa zai ɗebo ruwa. In yaro bai ji daɗin zama a gonar tare da su ba, ba zai ji zafin barazanar ƙwace ta ba.

Batun shekaru kuwa, ɗan shekara 11 zai iya, in kina tare da shi. Ki karanta kowane littafi tukuna kafin ki raba. Za ki ci karo da kalmar zagin nan da Turawan Kudu suke kiran baƙar fata da ita, domin marubutan da yawa sun ƙi goge ta, suna ganin goge ta wanke tarihi ne. Yaranmu suna jin ta a waƙoƙin waya ba su san nauyinta ba, don haka ki yi musu bayani tun kafin su iso shafin, kuma kar a furta ta a karatun fili. The Land da ire-irensa, inda ake maganar yadda mai gandu yake haihuwa da baiwarsa da irin duka da wulaƙancin da ɗan yake sha, na fi son a bar su sai ƙaramar sakandare.

Yaro mai kaifin hankali zai tambaye ki ko iyalan sun riƙe gonakin har yau. Yawanci ba su riƙe ba. A 1920 manoma baƙar fata sun kai kimanin 925,000, kusan kashi 14 cikin 100 na manoman ƙasar. Yau ba su kai 50,000 ba. Wasu ƙaura suka yi zuwa biranen Arewa, wasu injin tsinkar auduga ya kore su, wasu jami'an ma'aikatar gona suka hana su rancen da ake ba Turawa, har ta kai su ga shigar da ƙarar da gwamnati ta amince ta biya diyya a kanta a 1999. Amma akwai wata hanyar da ɗalibanki za su gane nan take, domin sun san gonar gado da ba a raba ba. Kakannin da suka sayi filayen da yawa sun mutu ba wasiyya a rubuce, don ba su yarda da lauyoyi da kotunan Turawa ba. Sai filin ya zama na magada gaba ɗaya, bayan zuriya 3 ko 4 su kai gommai, wasu a Chicago, wasu a New York, ba su taɓa taka gonar ba. Dillali ya nemo ɗaya daga cikinsu ya sayi kasonsa da araha, ya zama shi ma mai haƙƙi, ya je kotu ya nemi a raba. Alƙali ya ce filin ba ya rabuwa, a yi gwanjonsa. Wanda ke zaune a kai yana noma ba shi da kuɗin da zai yi takara, dillalin ya saye duka. Sai a 2010 aka tsara wata doka da ke ba sauran magada damar fara sayen kason, jihohi suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin da zai ja hankalinsu: a cikin tsibiran da umarnin Sherman ya shafa akwai Sapelo na Jojiya, inda wani bawa Musulmi mai suna Bilali Muhammad, ɗan Timbo a Futa Jalon, ya rayu har ya bar ɗan rubutu da Larabci mai shafi 13. Wasu daga zuriyarsa suna cikin 'yan tsirarun da suka rage a ƙauyen Hog Hammock na tsibirin, suna fama da hauhawar harajin fili saboda masu kuɗi da ke gina gidajen shaƙatawa.

Za su kuma tambaye ki ko mu ma an yi bauta a nan. Ki ce musu an yi. Akwai rinji da gandayen sarakuna irin na Fanisau kusa da Kano, akwai murgu da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, akwai fansa. Turawan mulki sun shelanta a 1901 cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma sai 1936 aka haramta bautar gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ba iri ɗaya ba ce da ta Amurka, inda aka ɗaure ta da launin fata, kuma kar ki bari a mayar da zancen gori tsakanin yara a aji.

In kina son darasi guda da zai zauna musu, ki haɗa shi da lissafi. Ki zana littafin bashi a allo, ki sa yaro ɗaya ya zama mai kanti, wasu su zama iyali. Ki ba kowane kaya farashi biyu, na kuɗi hannu da na bashi, su karɓa wata-wata daga shuka har kaka, sannan a sayar da audugar a raba biyu a cire bashin. A zagaye na biyu ki rage farashin audugar zuwa kashi ɗaya cikin uku kamar yadda ya faru tsakanin 1929 da 1931. A na uku ki juya wa iyalin baya ga allon, mai kantin kaɗai yake ganin lambobin yana karanta musu. Bayan nan sai ku buɗe babi na farko.